Ɗan uwa kada ka bari a shafa ma fitilar nan tina

Salam. Malam wallahi ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce fitilun Corolla ɗinka sun yi ɗorawa, sama-sama suna ɓarewa kamar fatar albasa, da dare ba ka ganin hanya, wai ka sa makilin ko ka je ka sayo sababbi. Tawa ma haka ta yi.

Abin da ya sa na tashi tsaye kan maganar, wani dare ne lokacin hunturu, na ɗauko Hajiyarmu daga Daura mun je gaisuwa, ga hazo ga ƙura, na kunna ful layit amma hasken kamar na aci-bal-bal. Kafin mu iso Mashi sai ga amalanken shanu gabana, ba fitila ba komai, wallahi sai da na ga ƙahon sa sannan na taka birki. Motar ta kwashe ta sauka gefen titi. Hajiya ba ta ce uffan ba, salati kawai take, hannunta riƙe da kujerata yana rawa. Na fi minti 10 zaune ban iya tada motar ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Washegari na kai ta wajen wani yaro da ke cewa shi gwani ne, ya ce minti 5 ta koma sabuwa. Ya jiƙa tsumma da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya shafe fitilun. Gabana ta yi fes, na biya shi 5,000 har ina sa mashi albarka. Ba a yi sati 2 ba fitilar dama ta yi tsaga-tsaga ƙanana ko'ina, ta yi fari fat. Na koma, ya dube ni ya ce wai rana ce, wai dama fitilata ta tsufa. Ko haƙuri bai ba ni ba. Wannan ya fi ci mani rai fiye da kuɗin, mutum ya ɓata maka kaya kuma ya tsaya yana musu. Allah ya isa kawai na ce, dole na sayo ta Beljiyam guda.

Ka san fuskar fitilun nan ba gilashi ba ce irin ta Fijo 504, roba ce, kuma kamfani na shafa mata wani siririn kiliya, wato fenti garau marar launi, mai tare zafin rana. Shi ne kake gani yana ɓarewa. Tina da fetur cinye robar suke, man birki ma kada ka yarda. Makilin kuwa zai ɗan haska maka, bayan 'yan kwanaki ta koma gidan jiya.

Ta hagun da hannuna na gyara ta a ƙofar gida. Amma fara watsa mata ruwa ka gani, in ta yi garau tana jiƙe to matsalar waje ce, in kuma tururi ne ko ruwa a ciki, gugar duniya ba za ta yi ba, sai an buɗe an sake liƙewa. Ka wanke da omo, ka zagaye fentin da tef ninki biyu, ni na yi sakaci na ɗan karce bamba. Sanfefar ruwa za ka nema wajen masu kayan fenti, lamba 800 da 1500 da 2000, in ka samu 3000 ka haɗa. Ka jiƙa su, kana gugawa kana zuba ruwa, kada ta bushe. Ruwan zai riƙa zubowa rawaya, sai ya koma kamar nono. A nan fitilar za ta yi fari ka zaci ka kashe ta, ni kaina hankalina ya tashi, ci gaba kawai. Lamba 800 ɗin ce aikin, kada ka bar ta sai tsohon kiliyan ya fita duk. In ka guga a kwance, lamba ta gaba ka guga a tsaye.

Abin da mutane ke tsallakewa shi ne sabon kiliya. In ka goge ka bar ta tsirara, da ranar Katsina kafin damina ta sake yin ɗorawa. Ni mai fenti na kai ma ya fesa mani kiliyan da ake kira 2K, ya ma ce in zai fesa kada in sa folish, a kan gugar sanfefa ya fi kamawa. Kada a fesa da iska na tashi, ƙura za ta manne.

Sannan don Allah kada ka ce ƙwan nan masu farin haske za su magance, in fuskar ta dushe watsewa hasken ke yi ya kashe ma na gabanka ido, mu da ke bin hanyar Daura mun san azabar. Ka riƙa aje ta a inuwa in da hali. Turo hoton fitilar kusa-kusa in gani ko ta fara tsagewa, kuma kafin ka gyara ka rage tafiyar dare.