Muryar Anti Nas kan jinin da ya dawo ma Goggo

Salam 'yan uwa, ga muryar da Anti Nas ta turo jiya da dare, na rubuto ta saboda waɗanda data ta hana su saurare. Tambayar ita ce Goggon ɗaya daga cikinmu shekararta 56, al'ada ta ɗauke mata shekara 5, yanzu kuma jini ya dawo wata uku ke nan, an ce mata istihala ce ta ci gaba da sallarta, wata kuma ta ce daji ne kar a kai ta asibiti a taɓa ta da ƙarfe. Yadda ta faɗa haka na rubuta.

Murya ta farko

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, ku yi haƙuri sai yanzu na sauko daga aiki, ko takalmi ban cire ba na ce bari in amsa ma ƙanwata don maganar nan ba ta kwana ba ce. Da farko Allah ya ba Goggo lafiya yasa kaffara ne.

Toh ƙanwata kin ga wadda ta ce mata istihala ce ta ci gaba da sallah, ni ban ce ta yi kuskure ba, wannan fagen malamai ne kuma sun fi ni sani. Amma ki tuna su kansu malaman me suke kiran istihala? Jinin cuta. Toh in har cuta ce ai sai a tambaya wace cuta ce, daga ina take fitowa. Mu matan nan namu da mun samu hukuncin sallah da azumi shike nan hankali ya kwanta, sai a yi ƙunzugu a ci gaba da harka, wata shekara biyu tana wanke tsumma a ɓoye ko ɗiyarta ba ta sani ba.

Ga ƙa'idar da nike so kowa a gidan nan ya riƙe. Mace in ta yi wata 12 cur ba ta ga al'ada ba a shekarun manyanta, toh ta ɗauke ke nan, duk jinin da ya zo bayan haka ko ɗigo ɗaya ne, ko ruwa ruwa ne kamar an wanke nama, ba al'ada ba ce ta dawo, sai an duba. Haka jinin da ke zuwa bayan kwanciyar aure, haka wanda ke zuwa tsakanin al'ada da al'ada, haka farin ruwa mai wari da aka sha maganin sanyi aka sha aka sha ya ƙi tafiya.

Kuma kar ki je ki tada ma Goggo hankali, ban ce kansa gare ta ba. Mafi yawan matan da ke zuwa mamu da irin wannan jinin ba kansa ba ce, wata fatar wurin ce ta yi laushi ta bushe saboda shekaru sai tana ɗan tsagewa, wata ɗan tsiro ne da ake cirewa cikin minti kaɗan ta koma gida ranar. Amma a cikinsu akwai masu kansar bakin mahaifa, akwai masu kansar cikin mahaifar kanta, kuma wallahi ni da na shekara ashirin da wani abu a ɗakin mata ba zan iya bambance su ta waya ba, balle mai kyamis.

Abin da za a yi mata ba wani abin tsoro ba ne. Za ta kwanta, a sa wani ɗan ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa a buɗa a haska fitila a kalli bakin mahaifar da ido. Sannan a yi sikanin a ga kaurin bangon cikin mahaifa. In an ga abin da ba a yarda da shi ba sai a ɗan tsinko nama, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, a kai ɗakin gwaji, shi ne kawai ke tabbatar da kansa ce ko ba ita ba. Ku lura da nan, sikanin kaɗai bai isa ba. Mutanenmu suna son sikanin kamar me, a je a biya a shafa mai a ciki a ba ka takarda mai hoto a ce komi lafiya, alhali ciwon yana zaune a bakin mahaifa inda sai an leƙa ake ganinshi.

Murya ta biyu

Yauwa ta yanke, yaran nan ne suka kira. Ina maganar ƙarfe.

Wannan magana ta daji baya son ƙarfe, daji baya son allura, tun muna yara muke jinta, kuma na san inda ta samo asali. Ba a kawo mamu mara lafiya sai an gama zagaye, an sha saiwa an yi hayaƙi an yi tsaga, an je Charanci an je Mai'adua an haura har Maraɗi, sai ciwo ya ci ya cinye sannan a ɗauko ta a mota a kawo, a yi mata allura ta yi sati biyu ta rasu, sai a koma gida a ce ai ga shi nan, da ma an ce kar a taɓa ta da ƙarfe. Ba a lissafa shekara biyun da aka yi a gida, sati biyun asibiti ake lissafawa.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa, daga wani ƙauye ta wajen Mani aka kawo ta, ba ta wuce shekara 45 ba, haihuwarta tara. Tun daga bakin ƙofa ɗiyarta ke riƙe da kasko da turaren wuta a leda, wai kar mutane su ji warin. Na buɗe tafin hannunta fari fat kamar takarda, ƙafa ɗaya ta kumbura, fitsari na zuba ba ta sani ba. Na ce Baba tun yaushe, ta ce tun damina ta wancan shekarar, na ce me ya hana ki faɗa, ta sunkuyar da kai ta ce mani ɗiyata wa zan buɗe ma wannan wurin da girmana. Sun saida akuya huɗu da gona ɗaya wurin masu magani kafin su zo. Abin da muka iya yi mata ƙarin jini ne da maganin rage zafi. Ni abin da ke ci mani rai, ciwon nan da an leƙa shekara goma baya da minti kaɗan za a gama da shi.

Don ita kansar bakin mahaifa ba rana ɗaya take faɗowa ba. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta ana ce mata HPV, wani likita Bajamushe Harald zur Hausen shi ya gano alaƙarsu har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar kala kala ce, amma lamba 16 da lamba 18 su biyun nan su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari. Ta hanyar kwanciya ake ɗaukarta, kuma dan Allah a nan ku saurare ni da kyau kar a je a kashe ma wata aure, kusan duk wanda ya taɓa aure mace ko namiji zai iya haɗuwa da ita a rayuwarshi, ba shaidar cewa wani ya yi banza ba ce, mutum zai iya ɗauke da ita tun auren fari bai sani ba. Mafi yawa, kamar tara cikin goma, jiki ke kashe ta da kanshi cikin shekara biyu. Wadda ta maƙale ce ke canza fatar wurin a hankali a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa, in kuma garkuwar jiki ta yi rauni kamar mai HIV sai ta yi sauri, shekara 5 zuwa 10. Duk tsawon lokacin nan ba ciwo ba jini ba komi, mace na ta hidimarta. Wannan shi ne lokacin da muke so mu kama ta.

Gwajin ma abin dariya ne don sauƙi, ruwan khal ne irin na girki ake shafawa a bakin mahaifa a jira minti ɗaya, inda ya fara lalacewa sai ya yi fari, a ɗora ɗan na'ura mai zafi ko mai sanyi a kashe wurin, ta tashi ta ɗaura zanenta. Akwai gwajin pap wanda ake ɗan gogo bakin mahaifa a kai ɗakin gwaji, akwai na HPV ɗin kanshi. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi ko ba komi mace ta samu gwaji tana 35 ta sake tana 45. Nan gidan mu nawa muka wuce 35? Kar kowa ya amsa, na san amsar, ni kaina sai da wata abokiyar aikina ta ja ni da faɗa.

A lissafin 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu, ita ke bin kansar mama a yawa wurin matanmu.

Ku kuma ɗaliban nas da na ungozoma da ke nan, ku na fi so ku ji wannan. Ina sabuwar fara aiki wata mata ta riƙa zuwa mani da zubar jini, sau uku ina rubuta mata maganin tsaida jini da na ƙarin jini tana godiya tana tafiya, ban taɓa cewa hau gado in duba ba, layi ya yi yawa ga kunya, ta girme ni. Wata babbar sista ce ta gan ta karo na huɗu ta duba, ta kira ni ta ce zo ki gani. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Toh kar ku maimaita, mace ta ce maku jini, ku tambayi shekarunta, ku tambayi yaushe rabonta da al'ada, ku tambaya ko yana zuwa bayan kwanciya, ku rage murya ku kori 'yan rakiya waje sannan ku tambaya don ba za ta faɗa gaban suruka ba, kuma ku duba da idonku. In babu kayan dubawa a inda kuke ku tura ta gaba da takarda, kar ku ce ta dawo in bai tsaya ba.

Murya ta uku

Na ga Maman 'yan biyu ta sako tambayar rigakafin HPV ɗin da ake ma 'yan mata, wai an ce na hana haihuwa ne. Yaya ni ban ga laifin mai tsoro ba, abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau da aka gwada magani a kan yara ba ƙarya ba ne, shi ya sa har yau mutanenmu ke ɗari ɗari. Af, kuma sanƙarau daban sankara daban, na ji ana haɗa su, sanƙarau shi ne mai sandarar da wuya lokacin zafi, sankara ita ce kansa, ita ce dajin.

Amma wannan allurar ba yau aka fara ta ba, tun 2006 ake yinta a duniya, Ingila ta fara ma 'yan makaranta a 2008, Ruwanda a 2011, waɗanda aka yi mawa suna yara sun yi aure sun hayayyafa. A Ingila da aka bi waɗanda aka yi mawa suna shekara 12 zuwa 13 an samu kansar ta ragu da kusan kashi 87 cikin ɗari. Mu sai Oktoban 2023 ta shigo cikin rigakafin gwamnati, nan Katsina muna rukuni na biyu a watan Mayun 2024, 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak a dantse, kyauta. Dalilin da ya sa ake ma yara shi ne tana aiki ne kafin a haɗu da ƙwayar, wato kafin aure, ba ta warkar da wadda ta riga ta shiga. Abin da ke biyo baya ɗan ciwon hannu ne ko zazzaɓin kwana ɗaya. Autata an yi mata, ni na riƙe mata hannu tana ta raki.

Koma kan Goggo. In ma Allah ya ƙaddara an samu wani abu, ba shike nan ba ne, in da wuri ne aiki ake yi a cire mahaifar, ita da ta gama haihuwa me za ta yi da ita, in ya ɗan yi nisa a haɗa gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura, da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Da sai an tafi Shika ko Sakkwato ko Abuja ake gashi, a 2025 an buɗe cibiyar masu kansa a asibitin koyarwa na tarayya nan cikin Katsina. Ba zan ɓoye maki ba akwai wahala akwai kashe kuɗi, kemo na sa amai da kasala, wani kalar na zubar da gashin kai amma yana fitowa. Addu'a da rubutu da zamzam ba wanda ya hana, a haɗa, abin da ban yarda da shi ba a tura mata wani ƙulli a gaba ko a ce ta zauna kan hayaƙi, yana ƙara fama wurin ne jini ya ɓalle.

Toh ƙanwata ga yadda za ki yi. Kar ki ce mata kansa, kar ki ce mata daji, ki ce Anti ta ce a zo a duba dalilin jinin nan don jininta kar ya ƙare. Ki fara samun Kawu ki yi mashi bayani shi kaɗai, don in bai yarda ba kin san ba inda za ta, in kuma namiji ne ba ta so ya duba ta ki faɗa tun wurin yankar kati, akwai mata. Ki tattaro duk magungunan da take sha har na gargajiyan a leda ki zo da su, in tana shan na hawan jini ko na suga ko wani na tsinka jini kar a bar shi gida. Ta ci abincinta ta zo da zane na canji da audugar mata. Litinin ina aikin safe, ku fito da wuri kafin layi, in kun iso bakin get ki yi mani filashin zan turo a shigo da ku. Bari in tashi ban yi isha'i ba, sai da safenku.