Zoben Katangowa: fara duba ƙarfen kafin dutsen

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ga tambayarki a kan zoben da kika saya naira dubu bakwai a wajen mai gwanjo a kasuwar Katangowa ta Legas, mai farin dutse, kina son sanin ko lu'u-lu'u ne na gaske. Na yi shekara tara a shagon gwal na kawuna a Yaba kafin na koma harkar waya, irin wannan zobe kuwa ba ɗaya ba ba biyu ba an kawo mana.

Ki ƙyale dutsen tukuna, ki juya zoben ki leƙa cikinsa. Akwai 'yar lamba da ake bugawa a wurin. In kin ga 750, gwal ne karat 18. 585 karat 14 ne. 875 shi ne karat 21, 916 kuma 22. In 925 ce, azurfa ce. In kuwa kika ga GP, ko an rubuta CZ ƙarara, to magana ta ƙare: na farko ruwan gwal ne aka shafa, na biyu kuma mai ƙirar da kansa ya gaya miki dutsen zakoniya ne, wato dutsen kwaikwayon lu'u-lu'u mai araha. Dalilin da ya sa muke farawa daga nan shi ne, da wuya mutum ya ɗauki lu'u-lu'u mai tsada ya dasa a kan tagulla. Ki duba yadda aka riƙe dutsen ma. Na kirki da ƙananan farata na ƙarfe ake kama shi, yawanci a bar ƙasansa a buɗe. In kin ga alamar gam, ki haƙura. Amma fa lambar ma ana buga ta jabu, mu a shago sai mun goga a dutsen gwaji mun ɗiga asid muke yarda.

Yanzu dutsen. Ki wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, don lu'u-lu'u akwai kama maiƙo. Sai ki hura masa hucin bakinki kamar za ki goge tabarau. Lu'u-lu'u yana watsa zafi nan take, raɓar ba ta zama a kansa. Gilashi da zakoniya kuwa sai ta ɗan jima kafin ta baje. Matsalar kawai, a zafin Legas ɗin nan wani lokaci ko gilashin ma ba ya yin raɓa, don haka ki gwada a ɗaki mai sanyi, ki haɗa da wani ɗan kunnen da kika san na ado ne, ki ga bambanci.

Abin da ya fi taimaka mini da kayan gwanjo shi ne tsufansu. A ma'aunin tauri na Mohs, lu'u-lu'u yana kan 10, zakoniya wajen 8 da rabi, gilashi 5 da rabi. Zoben da wata ta yi shekaru tana wanke-wanke da shi, in zakoniya ne za ki ga gefunan yankan sun dakushe, fuskar ta yi ƙananan zane, hasken ya yi dishi-dishi. Lu'u-lu'u ko ya shekara hamsin gefunansa na nan da kaifi, sai dai ya ɗan ɓalle a wani wuri. Kyamarar waya in kin matso da ita kusa a hasken rana tana nuna wannan.

Don Allah kada ki bi masu cewa ki karce gilashi da shi. Zakoniya ma tana karce gilashi, ba abin da za ki gano. Masu cewa a sa a wuta ko a buga da guduma kuwa, Allah ya shirye su. Tauri daban, rashin fashewa daban. Lu'u-lu'u na gaske in an buge shi ta inda bai dace ba, tsagewa yake yi.

Duk waɗannan gwaje-gwajen na gida, iyakarsu su ce miki a'a. Ba su isa su ce miki e ba, ni ma sai da na yi asara na gane haka. Wani mutum ya taɓa kawo zobe kawu ba ya nan. Gwal ɗin 750 ne na gaske, na dangwala na'urar gwaji mai kama da biro a kan dutsen, ta yi ƙara, na biya kuɗi ina murna. Da kawu ya dawo ya sa madubinsa mai ƙara girma sau goma, ya karkata zoben, ya miƙo mini ya ce, "Duba layukan ƙasa." Kowane layi na yankan ƙasan dutsen ya fito biyu-biyu. Moisanait ne. Dutse ne da ake haɗawa a masana'anta, ya shigo kasuwar kayan ado a 1998, taurinsa ya haura 9, kuma yana watsa zafi kusan kamar lu'u-lu'u, shi ya sa tsohuwar na'urar ta ruɗe. Walƙiyarsa ma ta fi yawa, launi-launi kamar bakan gizo. Wata uku ana cire kuɗin daga hannuna.

Ga kuma lu'u-lu'un da ake nomawa a ɗakin gwaji yanzu. Shi na gaske ne, zai ci kowane gwaji da na ambata, amma in kin zo sayarwa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

In zoben naki ya tsallake na gida, ki kai shi wajen 'yan gwal a Yaba ko Balogun, ki nemi mai na'urar da ke bambance moisanait. A gwada a gabanki, kada a shiga da shi ciki. Ki je shago biyu ko uku, kuma ki ce gwaji kika zo, ba sayarwa ba, don wanda yake son saye ba zai yabe shi ba. Ki sa a auna ƙarfen a sikeli ma, sau da yawa dutsen banza ne amma gwal ɗin ya ninka abin da aka biya.

Gaskiya a dubu bakwai, zuciyata ta fi ba ni zakoniya a kan azurfa. Ki ɗauko hoton lambar cikin da na gefen dutsen ki turo mu gani.