Tambaya da Amsa: Haɗa Kwamfutar Gem da Kuɗi Ƙalilan

Assalamu alaikum. Ina son in haɗa kwamfutar gem da hannuna, amma kuɗina ba yawa. Wani ya ce in fara sayen babbar firosesa irin Core i7 ko Ryzen 7, abin da ya rage in nemi katin hoto da shi. Shawararsa ta yi?

Wa alaikumus salam, malam. Shawarar ba ta yi ba. A yawancin gem, katin hoto ne ke ɗaukar nauyin aikin, shi ke zana kowane hoto da ke fitowa a sikirin, firosesa kuwa shirya masa aiki take yi. Idan ka haɗa Core i7 da raunanan kati, firosesar zaman jira za ta yi, gem ɗin kuma ya dinga sarƙewa kamar ba ka kashe komai ba.

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka yanke hukunci a kan abu biyu: wane gem za ka fi bugawa, kuma a kan wane sikirin. Mai ƙaramin kasafi ya tsaya a 1080p, wato 1920 a faɗi, 1080 a tsaye. Daga nan ka ware wa katin hoto kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin. Firosesa da madabod, wato babban allon da ake haɗa duk kayan a kansa, su ci kamar kashi 30, sauran ya tafi ga RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri), na'urar wuta da akwati. Wannan rabo ba doka ba ce. Mai buga irin su Counter-Strike 2 da Valorant, da ke neman hoto 144 ko fiye a daƙiƙa, ya fi jingina da firosesa a kan mai buga manyan gem na labari. Amma ko shi, firosesa mai cibiya 6, wato sassan aiki shida a cikinta, ta ishe shi. Ryzen 5 5600 da Core i5-12400F duk a 2022 suka fito, duk cibiya 6 gare su, kuma babu wadda za ta riƙe ƙafar katin da mai ƙaramin kasafi zai iya saya.

To tsakanin AMD da Intel wanne zan ɗauka? Kuma yaya zan san madabod ɗin da zai karɓi firosesar?

Sunan kamfani ba shi ne damuwar ba. Abu uku ne ke tafiya tare, ba a sayen ɗaya sai an san sauran biyun: firosesa, madabod da RAM.

Ryzen 5 5600 tana zama a soket AM4 (soket shi ne mazaunin firosesa a kan madabod), wanda AMD ya fito da shi tun 2016, kuma RAM nau'in DDR4 kaɗai yake karɓa. Madabod mai B550 shi ya fi dacewa da ita. B450 da A520 ma suna ɗauka, sai dai layin katin hoto a kansu PCIe 3.0 ne, wanda bai kai 4.0 sauri ba. Ga wani tarko: tsohon B450 da ya daɗe a kwali ba zai gane Ryzen jerin 5000 ba sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tada kwamfuta, kuma ba za ka iya shiga BIOS ɗin da firosesar da bai gane ba. Don haka ka duba kwalin ko an rubuta cewa ya shirya wa jerin 5000, ko ka nemi wanda ke da maɓallin BIOS Flashback a baya, wanda ke sabuntawa daga filas ba tare da firosesa ba.

Core i5-12400F tana zama a soket LGA1700, a kan H610, B660 ko B760. Ita firosesar tana iya aiki da DDR4 ko DDR5, amma madabod ɗaya nau'i ɗaya yake karɓa, kuma tsagar da ke ƙasan sandar RAM ɗin ba wuri ɗaya take ba. Kada ka danna da ƙarfi idan ta ƙi shiga.

Idan kuɗinka ya ɗan motsa, Ryzen 5 7600 a kan AM5 da madabod B650 ta fi gaba mai tsawo, domin soket ɗin na 2022 ne kuma ana ci gaba da yi masa firosesa. Sai dai DDR5 dole ne a can, jimillar kuma ta fi tsada. A ganinmu, idan hawa AM5 zai sa ka sauko da katin hoto mataki guda, ka zauna a AM4 ko LGA1700.

A kula da haruffan ƙarshen suna. F a Intel na nufin babu sashen hoto a cikin firosesar, ba za ta nuna komai ba sai da kati. Ryzen 5 5600 ma haka take duk da ba ta da F. Ita kuwa 5600G tana da sashen hoto, amma an rage mata ma'ajiyar cikin gida daga 32MB zuwa 16MB, kuma PCIe 3.0 take tsayawa. Wanda zai sa kati tun ranar farko ba shi da dalilin sayenta.

Na ga RX 6500 XT da RTX 3050 da araha, na kuma ga RX 6600 na hannu. Ina tsoron na hannu. Me kuka gani?

RX 6500 XT dai ka bar shi. Ma'ajiyarsa 4GB ce, wadda sababbin gem ke cikawa nan da nan, kuma layi 4 kawai yake amfani da su a ramin PCIe. A madabod mai PCIe 3.0 wannan ƙunci yana fitowa fili: da zarar 4GB ta cika, sai kati ya koma aron RAM ta wannan siririyar hanya, hoto ya fara tsinkewa. RTX 3050 kuma iri biyu ne, mai 8GB da mai 6GB, kuma mai 6GB ɗin ya fi rauni sosai duk da suna ɗaya. Haka RTX 3060: na asali 12GB ne, akwai kuma mai 8GB da aka rage wa faɗin hanyar ma'ajiya. A karanta kwali da kyau.

Ga 1080p, 8GB shi ne mafi ƙaranci da za mu yarda da shi. RX 6600 yana da 8GB, yana shan wat 132, ya kuma fi RTX 3050 ƙarfi. Sama da shi akwai RX 7600 da RTX 4060, duk na 2023. Arc B580 na Intel yana da 12GB, amma sai an kunna masa Resizable BAR a BIOS yake nuna ƙarfinsa, saboda haka bai dace da tsofaffin madabod ba.

Kati na hannu ba laifi ba ne idan an gwada shi a gabanka. Ka buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, ka tabbatar sunan da girman ma'ajiyar sun yi daidai da abin da aka faɗa maka, domin akwai katunan bogi, tsofaffin GTS 450 da aka sauya wa BIOS suke kiran kansu GTX 1050 Ti. Sannan a sa masa gem mai nauyi ko manhajar gwajin kati ta FurMark na minti 20. Ka sa ido a kan zafi: digiri 65 zuwa 80 ba komai, amma idan ya haura 85 ya zauna, man sanyayarsa ya bushe ko fanka ta gaji. Ɗigo-ɗigon launi, layuka a sikirin, ko direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ta dinga faɗuwa, alamar ma'ajiya ce ta fara lalacewa, kuma wannan ba gyaran gida ba ne. Ka gwada kowace kafar HDMI da DisplayPort, ka kuma saurari fankokin ko akwai mai gurnani.

Akwatin da zan saya yana zuwa da na'urar wuta an rubuta 700W a jikinta. Ai ta isa, ko?

Ɗan'uwa, a nan ne masu ƙaramin kasafi suka fi yin asara. Lambar da aka buga da manyan haruffa ba ita ake dubawa ba. Ka karanta teburin da ke manne a gefen na'urar, ka nemi layin +12V, domin daga nan firosesa da katin hoto ke sha. Ka ninka amfiyar da 12. Idan an rubuta 45A, wat 540 ke nan, na'ura ce ta gaskiya mai 550W. Idan kuwa an ce 700W amma layin ya nuna 20A, wat 240 kawai ke hannunka.

Lissafin buƙatarka ba wuya. Ryzen 5 5600 ba ta wuce wat 76, RX 6600 wat 132, madabod da RAM da SSD da fankoki ka ba su kamar 50. Jimilla ba ta kai 300 ba. Na'ura mai kyau ta 550W ta wadatar, 650W kuma ta bar maka filin sauya kati nan gaba. Dalilin barin rata shi ne katin hoto yakan fizgi wuta fiye da ƙa'idarsa na ɗan ƙiftawar ido, raunanar na'ura kuma sai ta kashe kwamfutar ana tsakiyar gem. Mai kyau takan kashe kanta idan abu ya ɓaci. Marar kariya takan ƙone, wani lokaci ta tafi da madabod da kati.

Tambarin 80 Plus Bronze yana auna rashin ɓarnar wuta ne kawai, ba ingancin kayan ciki ba. Ka haɗa shi da garantin shekara biyar ko fiye, da jerin kariya daga wuce gona da irin wuta da haɗuwar waya, irin OCP, OVP da SCP, a takardar. Idan na'urar mai cirarrun wayoyi ce, kada ka taɓa sa mata wayar wata na'ura ko da bakin ya shiga. Tsarin fil ɗin ya bambanta tsakanin kamfanoni, kuma kuskure ɗaya yana ƙona SSD nan take.

Sandar RAM ɗaya mai 16GB ko biyu masu 8GB? Kuma in sayi hadis (hard disk) maimakon SSD in rage kuɗi?

Biyu masu 8GB, daga fakiti ɗaya. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu, su ninka faɗin da bayanai ke bi. A madabod mai rami huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu daga firosesa ake sawa, littafin madabod zai tabbatar maka. DDR4-3200 CL16 ta isa, a AM5 kuma DDR5-6000. Bayan haɗawa ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken saurinta, wanda wasu madabod ke kira DOCP, a AM5 kuma EXPO. In ba haka ba, RAM ɗin 3200 za ta zauna a 2133 ko 2400 ba ka sani ba.

Hadis kuwa a'a, sai dai don ajiyar bidiyo. SSD nau'in NVMe mai 1TB ka saya, tunda gem ɗaya yanzu kan haura 100GB. Ko PCIe 3.0 ne ko 4.0, da wuya ka ga bambanci wajen buɗe gem.

Na gama haɗawa, fankoki suna juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin. Na ƙona wani abu ne?

Da wuya. Ka fara duba inda ka soke wayar sikirin. Idan a jikin madabod take, ka mayar da ita ƙasa, a jikin katin hoto. Daga nan ka kashe wuta, ka zare sandunan RAM ka sake danna su har maƙallan su kama da ƙara, domin RAM da ba ta zauna ba ita ce kan gaba wajen jawo wannan matsala. Idan bai tashi ba, ka gwada da sanda ɗaya a rami na biyu.

Sai wayoyi. Ban da babbar mai fil 24, akwai mai fil 8 ta firosesa a saman madabod ta hagu, wadda ake yawan mantawa. Tata tana rabuwa 4 da 4, ta katin hoto kuma 6 da 2. Kada a musanya su. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu, CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda abin ya maƙale. A AM5, tashin farko kan ɗauki mintuna sikirin na baƙi yayin da madabod ke daidaita DDR5, sai a yi haƙuri kada a kashe.

Idan ta tashi amma tana mutuwa bayan ɗan lokaci, ka cire na'urar sanyaya ka duba ko ledar da ke manne a ƙasanta tana nan. Ka goge tsohon man, ka ɗiga sabo kamar girman ƙwayar wake a tsakiyar firosesar, ka ɗaure notocin a gicciye, kaɗan-kaɗan. A AM4 ka ɗan murɗa na'urar hagu da dama kafin ka ɗaga, don kada ta fizgo firosesar daga soket ta lanƙwasa mata fil. In duk wannan bai yi ba, ka fito da madabod daga akwati, ka ɗora shi a kan kwalinsa, ka tada shi da firosesa, RAM ɗaya da kati kawai. Idan ya tashi a waje, to akwai ƙafar ƙarfe a cikin akwatin da ke taɓa bayansa a inda babu ramin noti, sai ka kwance ta kafin ka mayar da shi.