Ƙanena yana kwana a rumfar mahauta, baffanni sun ce a kai shi gidan mari

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna wani ƙauye ne a ƙasar Soba. Ƙanena ɗan shekara 24 ya fara shan tiramol a wajen ƙwadagon noma, yanzu ya haɗa da baliyam, ƙwayar sa barci. Bara Baba ya kore shi, ya rantse ba zai sake taka masa zaure ba sai ya daina. Tun lokacin a rumfar mahauta yake kwana, damina ma can ta same shi. Yanzu baffanninmu sun haɗa kuɗi za su kai shi gidan mari wata shida, wai jininsa ya wanku. Inna ba ta barci, ni ma hankalina ya ƙi kwanciya. Shin daidai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki roƙi baffanninki don Allah su dakata da kuɗin nan.

Wannan magana ta wankin jini ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Wani ya ce mari, wani ya ce mai kemis ya ɗaura masa ruwa leda uku. Tiramol ba ya jiran kowa ya wanke shi, cikin kwana biyu zuwa uku hanta da ƙoda sun fitar da shi. Ciwon yana ƙwaƙwalwa, wadda ta saba har ta kasa aiki sai da ƙwayar, kuma sarƙa a ƙafa ba ta kaiwa can.

Da rashin amfani ne kawai, da sauƙi. Wanda ya daɗe yana shan baliyam, idan aka yanke masa rana ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana kisa. Shi ya sa a asibiti muke rage ta kaɗan-kaɗan tsawon makonni. A gidan mari wa zai lura? Yaro na kumfar baki, a ce aljanin ne yake fita, a ƙara masa bulala.

Haɗari na biyu shi ne wanda iyaye ba sa hangowa. A ce ya yi wata shidan lafiya, ya dawo ya yi haske, kowa na sa albarka. Jikinsa ya manta da ƙwaya, amma hannunsa bai manta yawan da yake ɓarewa ba. Ranar kasuwa tsohon aboki ya miƙa masa irin mai lamba 225 ɗin nan, wadda ko a asibiti ba mu rubuta ta (mai 50 da mai 100 aka amince da su), ya watsa yadda ya saba, ya bi da baliyam. Numfashi ya riƙa ja baya, na kusa su ji minshari su ce barci ne. Da asuba a tashe shi salla, babu shi. Sai a ce kwana ya ƙare, mai gidan marin kuwa tuni ya karɓi kuɗin wani.

Kuma ba a ɓoye abin yake ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane kusan 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa da tabon duka, a watan da ya biyo baya aka sake ganin irinsa a Daura. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, sai dai har yau a takarda ta fi ƙarfi. Ni ba na faɗa da addu'a, a yi masa ita dare da rana. Ɗauri da duka nake faɗa da su.

Abin da ƙanenki ya fi buƙata a makon nan ɗaki ne. Wanda sauro da ruwan sama suke kwana a kansa, ƙwayar ce bargonsa. Ƙasar Finlan ta gwada tun 2008, tana ba mara muhalli ɗaki ba tare da sharaɗin sai ya daina ba. Ba kowa ne ya daina ba, amma galibi sun zauna wuri ɗaya inda magani zai same su. Mu da muke da shagon samari a ƙofar gida ba sai mun jira gwamnati ba. Rantsuwar Baba kuwa, ki sa limaminku ya tuna masa akwai kaffara, ciyar da miskinai goma.

Daga nan kuɗin baffanni su zama na mota zuwa sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa a Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ku tafi da fankon ƙwayoyin, ya faɗi gaskiyar nawa yake sha a rana, wani babba ɗaya ya riƙe maganin yana ba shi. Idan ya koma sha, a mayar da shi wajen likita, kada a mayar da shi rumfa. Duk daren da kuka tashe shi ya ƙi tashi, leɓɓansa sun canza launi, ku kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, a nemi mota nan take.