Dokina Ya Fi Ƙarfina: In Sayar Ko In Daure?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne a Jega. Shekara biyu ke nan da na sayi wani ingarma akawal, wato baƙin doki, lokacin yana ɗan shekara 4, don in riƙa hawan sallah. Kyau kam ba a magana, amma ya hana ni sakat. Da na sa ƙafa a likkafa sai ya yi tabarya, wato ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya. Sau biyu yana kayar da ni, a watan jiya kuma ya harbi ƙanena a cinya yana cikin zuba masa harawa. Yanzu ko barga na nufa sai gabana ya faɗi. Sai ranar Juma'a nake samun sukunin hawansa. Abokan hawana sun ce sayar da shi ragwanci ne. Ina son dokin nan, Baba. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya tsare gaba.

Kafin maganar rabuwa, doki yana da hakkin a bincike shi, domin ba shi da bakin da zai ce ga inda ke masa ciwo. Ka fara da baki. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa kusan duk tsawon rayuwarsa, kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, shi ya sa gefen turamen haƙoransa kan yi kaifi ya riƙa yankar kumatu da harshe. Ka haɗa wannan da linzaminmu mai nauyi, ka ga duk jan da ka yi azaba ce. Likitan dabbobi yana goge kaifin da magagari. Idan ba ka samu wanda ya saba da dawaki a kusa ba, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Sannan ka sauke sirdi da jalala, ka bi gadon bayansa da yatsunka kana dannawa a hankali. In ya noƙe ko ya kwantar da kunnuwa, akwai miki ko targaɗe, kuma tabaryar da yake yi lokacin hawa tana iya zama daga nan take.

Sai abin da na fi zargi a wasiƙarka, wato Juma'ar nan. Ingarma ɗan shekara 6 yana tsakiyar ƙarfinsa. A ɗaure shi a turke kwana shida, ana dura masa dawa da dusa da kanwa, rana ta bakwai a ce ya tafi a natse? Ƙarfin da ya tara dole ya fita, ko a fili ko a jikin mutum. Ka rage masa hatsi, ka yawaita ciyawa da harawa, a samu gwani ya riƙa fita da shi kilisa kullum da safe har wata biyu ko uku. Ka duba kuma ko akwai goɗiya a maƙwabta da ke tayar masa da hankali.

To, in ka yi duk wannan, ka ga yana tafiya lafiya a hannun gwani amma kai da ka hau ya birkice, ka sayar da shi. Ba na kewaye-kewaye a nan.

Na taɓa riƙe wani doki kili a Argungu shekara uku, saboda irin maganar da abokanka suke maka. Har yau ina ganin yadda yake juyo da farin idonsa idan na shigo barga, ni kuma ina riƙe da ragama hannuna na ɓari. Idan mahayi ya tsorata, doki yana ganewa ta cinya da ta linzami. Na tsorata na ƙanƙame shi, ya ji an ƙanƙame shi ya ƙara firgita, haka muka yi ta ɓata juna. Ban farga ba sai ranar da ya cafki kafaɗar yaron da ke masa hidima, ya ɗaga shi sama ya yar. Yaron nan marayan maƙwabcina ne, amana a hannuna. Tabon yana jikinsa har yanzu, da aurensa da 'ya'yansa. Waɗanda suka ce in daure ba ɗayansu da ya kwana da mu a asibiti.

Wani manomi daga wajen Gwandu ya saye shi, mutumin da kullum sai ya zagaya gonakinsa na fadama a kan doki. Bayan shekara na gan su a hawan sallah, ana busa algaita, 'yan bindiga na harbi, kilin nan yana takawa kamar ba shi ba. Raina ya sosu, amma na yi wa dokin murna.

In za ka sayar, kada ka damƙa wa dillali ka juya baya. Shi la'adarsa yake nema, yana iya kai shi gidan da akwai ƙananan yara. Kai da bakinka za ka gaya wa mai saye: yana tabarya, ya kayar da ni sau biyu, ya harbi ƙanena. Ɓoye aibin kaya haramun ne, Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma a shari'a mai saye yana da ikon mayar maka da shi idan ya gano aibin da ka rufe. Kuɗin zai ragu, ka haƙura. Ka bar mutumin ya hau shi a gabanka fiye da sau ɗaya, ka je ka ga bargarsa.

Kafin nan, ka hana yara da ƙanenka kusantar turkensa, a riƙa zuba masa abinci ta gaba. Idan ka tashi sayen wani, nemi wanda ya kai shekara 10 zuwa 12, wanda ya sha hawan sallah ya saba da ganga da taro. Ka tafi da gwanin da ya yi maka kilisar wannan, shi ya fara hawa, kai ka biyo baya.