Kafin ka zuba jari a ƙaguwar Tunisiya

Wani ɗan kasuwar busasshen kifi ya rubuto cewa abokin huldarsa da ke zaune a birnin Sfax na Tunisiya yana son su haɗa jari su riƙa sayen ƙaguwa, tunda a cewarsa ta yi yawa a can kuma ga ta da araha. Ya shiga ko ya dakata?

Alhaji, abokinka bai yi ƙarya ba. Wannan shuɗiyar ƙaguwa baƙuwa ce a Bahar Rum, ta mashigin Suwez ta shigo, aka fara ganinta a Tunisiya a gaɓar birnin Gabes wajen 2014. Tana yayyaga koma, ta cinye kifin da ya kamu, har masunta suka laƙaba mata suna Da'esh, wato ƙungiyar IS. A 2017 gwamnati ta fito da shirin kamata da sayarwa, masunta suka koma amfani da tarko, kamfanoni suka fara daskarar da ita zuwa Asiya da Turai.

Sai dai arahar a bakin ruwa take. Ƙaguwa ba ta jira, da ta mutu ta fara lalacewa. Dole a dafa ta ko a sa ta a ƙanƙara nan take, a samu mata masu ɓare ta da hannu, sannan a riƙe sanyi har ta isa ga mai saye. Tsokar da za a ciro kaɗan ce idan aka kwatanta da nauyinta. Idan ka yi lissafi da farashin kilon ɗanyar, ka ruɗi kanka.

Ni ɓawon ya fi jan hankalina. Tarin da kamfanoni ke neman inda za su zubar, daga shi ake fitar da kitosan, sinadarin da ake shafa wa kayan marmari don su daɗe, ake kuma tace ruwan 'ya'yan itatuwa da shi. Amma wannan aikin masana'anta ne, da asid da soda da ɗakin gwaji, ya fi ƙarfin ƙaramin jari. Abin da za ka iya shi ne wankewa, busarwa da niƙawa, ka sayar wa masu haɗa abincin kaji da na kifi.

Kada ka tura ko sisi sai abokinka ya nuna maka kamfanin da zai ba ku ɓawon da mai sayen da ya amince da farashi a rubuce. Ku gwada da tan ɗaya tukuna. In kuma garin miya kake tunanin kawowa Najeriya, sai da rajistar NAFDAC, kuma a rubuta a jikin leda cewa akwai ƙaguwa, domin wasu jikinsu ba ya ɗaukarta.