Junifa mai yaɗo a ƙofar gida: za ta iya zafin Katsina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a Kanada ya turo min hoton wata shuka da ke gaban makarantarsu, ta rufe ƙasa ruf, ba ta tashi sama. Ya ce junifa mai yaɗo ce, wai ba a yanka ta kamar ciyawa, kuma kore take duk shekara. Ni kuwa ƙofar gidana ɗan gangare ne, da damina ruwa ya zaizaye, da rani ƙura ta dame mu. Zan iya shuka ta a nan? In zai yiwu, yaya ake yi?

Daga wani magidanci a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba yaro sa'ar karatu. Abin da ya faɗa maka gaskiya ne, amma gaskiyar Kanada ce. Ba na ba ka shawarar ka zuba kuɗinka ka cika ƙofar gida da ita. In kana sha'awa ka gwada gindi biyu ko uku, wannan ba laifi, zan faɗi yadda za ka yi.

Shukar da ka gani masana na kiranta Juniperus horizontalis. Asalinta arewacin nahiyar Amurka ne, wato Kanada da Alaska da jihohin Amurka na can sama, inda take fitowa da kanta a kan duwatsu da tudun yashi na bakin tafkuna. Tsayinta daga santimita 10 zuwa 30 ne kawai, amma gindi ɗaya kan yi yaɗo ya kai faɗin mita biyu ko fiye. Rassanta na kwanciya a ƙasa, inda reshe ya daɗe yana taɓa ƙasa mai laima sai ya fitar da saiwa, shi ya sa take riƙe gangare. Akwai irin da ake kira Wiltonii, mai launin shuɗi-shuɗi, wanda ya fi kowanne kwanciya, akwai kuma Bar Harbor da Blue Chip. Tana jure sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Mu kuma a watan Afrilu digiri 40 ɗinmu a sama yake.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, duk inda aka yi bayaninta za ka ga an ce tana son rana, tana son ƙasa mai yashi, tana jure fari. Mutumin Katsina na jin haka sai ya ce ai tamu ce. To jure fari daban, jure zafi daban. A ƙasarsu ko rana ta yi zafi, dare na yi sai gari ya huce, sannan tana samun watanni na sanyi tana hutawa. A nan kuwa daga Maris zuwa Mayu har dare ba ya sanyi sosai, kuma shuka a daren zafi tana ƙona abincin da ta tara da rana fiye da kima, sai ta yi ta ramewa a hankali. Ga shi kuma a kwance take. Ka tuna yadda yashin ƙofar gida ke yi da azahar a bazara, wanda ko yaro ba ya iya taka shi ba takalmi. A kan wannan yashin ganyenta zai wuni. Hunturunmu na Disamba da Janairu shi ne kaɗai lokacin da za ta ji daɗi, shi ma gajere ne.

In ta tsallake bazara, sai marka ta tare ta. Ruwan Katsina bai da yawa in aka haɗa na shekara, amma a ɗan lokaci yake zuba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Junifa ba ta ƙaunar saiwarta ta kwana cikin ruwa. Zafi da laima in suka haɗu, saiwa ta ruɓe, bakin rassa ya yi ja ya bushe. Abin haushin ma, ba ta nuna ciwo da wuri. Sai saiwar ta mutu da makonni ganyen na nan kore, kana ta ban ruwa kana murna, ranar da ta fara yin ruwan ƙasa aikin gama ya gama. Akwai 'yar uwarta da ke zama babbar bishiya a Habasha da Kenya da tsaunukan Asir na Saudiyya, amma ita ma a kan tsaunuka masu sanyi take. A Najeriya da a Jos ko Mambila kake, da na fi ƙarfafa maka gwiwa.

To in za ka gwada, kada ka sayi iri ta intanet. Ƙwayar junifa sai ta yi watanni cikin sanyi kafin ta tsiro, kuma waɗancan nau'o'in masu kyau da reshe ake yaɗa su, ba da ƙwaya ba. Kada kuma ka ce yaro ya cusa maka ita a jaka, shigo da tsirrai daga waje sai da izinin hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobi. Ka nemi dashe a wajen masu sayar da furanni, ka duba da kyau, domin akan miƙa wa mutum wata mai kama da ita wadda daga baya za ta miƙe sama. Ta gaskiya rassanta a kwance suke tun tana cikin leda, in ka murza ganyen za ka ji ƙamshi mai ɗan kaifi.

Ka dasa a Nuwamba, domin ta samu watannin sanyi ta kafa saiwa kafin bazara. Ka zaɓi gabashin katanga, inda za ta sha hantsi, inuwa ta rufe ta daga azahar. A babbar tukunyar ƙasa mai huji a gindi ya fi, don ka iya ja da ita. In a ƙasa ne, ka tada wurin kamar kunya, ka gauraya yashi da tsakuwa da ɗan ruɓaɓɓen taki kaɗan, ka bar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakanin gindi da gindi, nesa da indararo. Kada ka binne wuyanta fiye da yadda yake a leda. Ɗanyen kashin shanu da kara kuwa ka nisanta su da ita, gara suke kira. Ban ruwa a gindi ake yi da sassafe, a ƙoshi, sannan a dakata sai ka tura yatsa ka ji ƙasar ta sha iska. Da hunturu ƙura kan jawo wasu ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo masu tsotse ganye. Ka sa farar takarda ƙarƙashin reshe ka kaɗa, in ka ga ɗige-ɗige suna motsi su ne, sai ka wanke ganyen da ruwa mai ƙarfi da safe. Wajen datsa kuma bakin reshe kawai ake taɓawa, domin tsohon icen da ba ganye ba ya sake toho. Ko a inda take jin daɗi sai ta shekara biyu zuwa uku kafin ta rufe wuri, kafin nan cire ciyawa da hannu ya zama dole.

Amma damuwarka ta asali zaizaya ce da ƙura, kuma maganinsu na kusa da kai. Ƙiri-ƙiri, wadda manoma ke yaƙi da ita a gona, ita ce ciyawar da ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo a ƙasashe masu zafi. Tana jure rana da tattaki, in ta bushe da rani tana ganin ruwa ta farfaɗo. Sai dai tana son yanka, kuma ka yi mata iyaka da bulo don kada ta shige cikin furanni. A ƙasan gangaren ka jera ciyawar jema layi ɗaya a gicciye, saiwarta na nitsewa ƙwarai, tana tare ƙasar da ruwa ya kwaso. Duman kada na rufe wuri da sauri, amma ban so shi a ƙofar gida ba, yana cutar da awaki da tumaki in sun ci, ka ga sai a ɓata da maƙwabta.

Ko wacce ka zaɓa, in kana son ganin kore daga Nuwamba har Mayu sai da ban ruwa. Don haka ka fara lissafin ruwan da kake da shi. In na 'yan garuwa kake saye, ka shuka ƙiri-ƙiri a ɗan yankin da za ka iya shayarwa, sauran filin ka zuba masa tsakuwa. A farkon damina ake dasa ƙiri-ƙiri, da an yi ruwan shuka.